Uwar Garke Ba Ta Jiran "Sai Anjima": Dole Riga-kafinta Ya Riƙa Sabunta Kansa

Duk mai wayar Android ya san saƙon nan da ke faɗowa daga saman allo, mai cewa akwai manhajoji da dama da ke jiran sabuntawa. Kusan kowa kuma ya san abin da ake yi masa. A share shi da yatsa, a ce sai an samu Wi-Fi, ko sai an sayi datar dare. Sati ya wuce, wata ya wuce, saƙon na nan. A waya ɗaya, wannan sakaci mai wayar kaɗai yake cutarwa, kuma sau da yawa ma yakan tsira. Matsalar ita ce ɗabi'ar "sai anjima" ba ta tsaya a aljihu ba. Matasan da suka taso da ita su ne yau ake ɗauka aikin kula da kwamfutocin makarantu, asibitoci, cibiyoyin jarrabawa da ƙananan kamfanoni, kuma da yawansu sun shiga da ita har ɗakin uwar garke.

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke zaune a bayan fage tana yi wa sauran na'urori hidima. Idan ɗalibi ya ɗora takardar sakamakonsa a shafin rajistar makaranta daga wayarsa, uwar garke ce ke karɓa ta ajiye. Idan ma'aikaci ya aika imel ɗauke da fayil, ta cikinta yake bi kafin ya isa wurin wanda aka aika wa. Mutum ɗari ko dubu suna iya dogaro da ita a rana ɗaya ba tare da sun taɓa ganin ta ba. Saboda haka duk cutar da ta shige ta, ta samu hanyar kaiwa ga kowa.

Matsayin wannan rubutu shi ne: sabunta manhajar riga-kafi a kan uwar garke aiki ne da bai kamata ya dogara da tunawar mutum ba. A sa shi a jadawali, na'ura ta riƙa yi da kanta sau da yawa a rana. Aikin mutum shi ne tsara jadawalin da hankali, sannan ya tabbatar yana tafiya.

Mene ne ma ake sabuntawa?

Manhajar riga-kafi, wadda aka fi kira antibairos, kashi biyu ce. Akwai injin da ke binciken fayiloli, akwai kuma kundin alamomin da injin ke dubawa. Kowace ƙwayar cutar kwamfuta da masu bincike suka kama, suna ciro mata wata alama da ta bambanta ta da sauran fayiloli, kamar zanen yatsa, su zuba a kundin. Idan fayil ya shigo, injin yana gwada shi da abin da ke cikin kundin. Ya dace da wata alama, a killace shi. Bai dace ba, a bar shi ya wuce.

Kamar maigadi ne da aka ba shi kundin hotunan ɓarayin unguwa. Komai ƙarfinsa, komai rashin barcinsa, ɓarawon da hotonsa ba ya cikin kundin zai gaishe shi ya wuce. Gaskiya ne manhajojin zamani ba su tsaya ga alamomi kaɗai ba, suna kuma lura da yadda manhaja ke motsi, wasu suna tambayar cibiyar kamfaninsu ta intanet. Amma dokokin da suke amfani da su wajen wannan lura su ma ta hanyar sabuntawa suke isowa.

Injin yakan ɗauki watanni kafin a fitar da sabon nau'insa. Kundin alamomi kuwa kullum yake canzawa. Cibiyar AV-TEST da ke birnin Magdeburg a Jamus, wadda aikinta gwada manhajojin tsaro ne, ta ce tana yin rajistar sababbin manhajoji masu cutarwa da waɗanda ba a so fiye da 450,000 a kowace rana. Mafi yawansu tsofaffin cututtuka ne da aka sauya wa riga domin kada a gane su, amma sauya rigar ya isa ya ruɗi kundin da ya kwana biyu. Shi ya sa Microsoft ke fitar da sababbin alamomin Defender sau da yawa a rana. Shi ya sa kuma ClamAV, manhajar riga-kafi ta kyauta da aka fi samu a kan uwayen garken Linux, take fara buga gargaɗi da zarar kundinta ya haura kwana 7.

Me ya sa hannu ba zai iya ba?

A ɗauki misalin matashin da ke kula da uwar garken wata makaranta mai zaman kanta. Shi ne mai gyaran firinta, shi ne mai haɗa waya, shi ne wanda malamai ke kira idan sun manta kalmar sirri. Ya yi wa kansa alkawarin sabunta riga-kafin duk ranar Litinin. Litinin ta farko ya yi. Ta biyu ya yi. Ta uku janareta ya lalace. Ta huɗu ya tafi biki. Daga nan hutun zango ya shigo. Babu wanda ya yi mugunta a cikin wannan labari, amma kundin ya shekara rabi bai motsa ba, alamar manhajar kuma tana nan a kusurwar allo, kowa na ganin ta yana samun natsuwa.

Wannan natsuwar ita ce ta fi komai haɗari. Ofishin da ya san ba shi da riga-kafi yakan yi taka-tsantsan da filashin da ake kawowa daga shagon buga takardu. Ofishin da ya ɗauka yana da shi ba ya tambaya.

Ko da matashin nan bai taɓa tsallake Litinin ɗaya ba, lissafin bai fita ba. Cutar da ta bayyana ranar Talata tana da kwana shida tana shiga tana fita kafin maigadi ya samu hotonta. Masu kutse kuma sun san lokacin da ofisoshi ke zama babu kowa. Hukumomin tsaron intanet na Amurka sun sha gargaɗin cewa hare-haren garkuwa da bayanai sukan zo a ƙarshen mako da ranakun hutu. Uwar garke na aiki daren Juma'a, tana aiki ranar Sallah. Abin da zai kare ta dole ya zama yana aiki a waɗannan lokutan, kuma mutum ba zai iya ba.

Yadda ake tsara jadawalin

Abin daɗin shi ne kayan aikin suna nan, kuma kyauta ne. ClamAV, wadda yanzu ƙungiyar Talos ta kamfanin Cisco ke kula da ita, tana zuwa da ƙaramar manhaja mai suna freshclam, wadda ba ta da wani aiki sai ɗauko sababbin alamomi. Hanya biyu ake tafiyar da ita. Ta farko, a bar ta tana gudana a bayan fage, a faɗa mata sau nawa za ta duba a rana ta layin Checks da ke cikin fayil ɗin freshclam.conf. A kan Debian da Ubuntu yawanci ana samun sa a 24, wato kowace awa. Ta biyu, a miƙa ta ga cron, tsohon agogon ayyuka na Unix da Linux, wanda ke tayar da umarni a lokacin da aka rubuta masa. Layin cron da ya fara da 17 */2 * * * yana nufin a yi aikin a minti na 17 na kowace awa biyu, kullum.

Kuskuren da sababbin shiga ke yawan yi shi ne haɗa hanyoyin biyu a lokaci guda. Sai ɗaya ta riƙe fayil ɗin rahoto, ɗayar ta zo ta tarar a kulle ta koma da kuskure, mai kula kuma ya ɗauka komai ya lalace. A zaɓi ɗaya a kashe ɗaya.

A ɓangaren Windows, tun daga Windows Server 2016 Defender yana zuwa a cikin babbar manhajar. Sai dai uwar garken Windows ba kamar kwamfutar gida take ba, ba lallai ta riƙa saukewa da girka sabuntawa da kanta ba sai an saita ta. A PowerShell, umarnin Set-MpPreference tare da SignatureUpdateInterval yana ba da damar zaɓar tazara daga awa 1 zuwa awa 24. Umarnin Get-MpComputerStatus kuma yana nuna kwana nawa kundin ya yi. Wanda bai taɓa buga wannan umarnin a kan uwar garken da yake kula da ita ba, zai iya shan mamaki.

Game da tazara, kowace awa ɗaya zuwa huɗu ta wadatar ga uwar garken da ke karɓar imel ko fayiloli daga waje. Sau ɗaya a rana shi ne mafi ƙarancin abin da za a iya karewa da hujja. Sau ɗaya a mako ba jadawali ba ne.

Ƙananan abubuwan da ke karya jadawali

Na farko shi ne zaɓen minti. Ɗan Adam na son lamba mai kyau, don haka kowa yakan rubuta ƙarfe sha biyu daidai. Idan dubban uwayen garke a duniya suka nufi wuri ɗaya a daƙiƙa ɗaya, cunkoso ake samu. Jagorar ClamAV da kanta ta roƙi masu amfani da cron su zaɓi minti tsakanin 3 da 57, su guji 10, 20, 30 da ire-irensu, domin waɗannan sun riga sun cika. A cikin ofis ma haka ne. Na'urori ashirin da suka tashi saukewa lokaci guda a kan layin intanet ɗaya za su shaƙe shi. A tsarin systemd akwai RandomizedDelaySec, wanda ke ƙara wa kowace na'ura ɗan jinkiri daban domin su rarrabu.

Na biyu shi ne wutar lantarki, kuma a nan ne shawarwarin da aka rubuta a Turai ke gaza mai aiki a Kano ko Zinder. Yawancin jagororin da ake samu a intanet suna cewa a sa sabuntawa ƙarfe biyu ko uku na dare, lokacin da babu masu amfani. Sun ɗauka na'urar a kunne take. A ofishin da ake kashe janareta ƙarfe shida na yamma, batirin inbata kuma ya ƙare kafin tsakar dare, ƙarfe ukun dare lokaci ne da uwar garken take a mace. Shi kuwa cron ba ya rama abin da ya wuce shi. Idan lokacin ya zo na'ura a kashe, ya tsallake sai gobe, goben ma haka. Jadawalin na nan a rubuce daidai, amma bai taɓa gudana ba ko sau ɗaya. Maganin shi ne anacron, wanda ke rama ayyukan kullum bayan an kunna na'ura, ko kuma agogon systemd tare da Persistent=true. A Task Scheduler na Windows ma akwai akwatin da ake dannawa domin a yi aikin da zarar an samu dama idan lokacinsa ya kuɓuce.

Na uku shi ne agogon na'urar kanta. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan farka bayan ɗaukewar wuta da kwanan watan shekarun baya. Daga nan sai ta ƙi yarda da takardar shaidar tsaron shafin da take ɗauko alamomi, domin a lissafinta takardar ba ta fara aiki ba. Batiri ɗaya mai araha da saita agogo ya riƙa daidaita kansa ta intanet sun raba wannan gardama.

Na huɗu shi ne tsoron data. Mutane da yawa suna rage sabuntawa domin suna ganin kowace dubawa sauke babban fayil ne. Ba haka freshclam ke aiki ba. Takan fara da ƙaramar tambaya ta DNS domin ta ji lambar sabon kundi. Idan babu sabo, ta koma ta kwanta. Idan akwai, bambancin da ke tsakanin tsoho da sabo kawai take ɗaukowa. Wanda ya daɗe bai sabunta ba shi ne ke fuskantar sauke kundin gaba ɗaya. Wato jinkirin da ake yi don tattalin data shi ne ke cinye ta. Ofishin da ke da na'urori da yawa kuma yana iya sa ɗaya ta ɗauko ta raba wa sauran. ClamAV na da manhajar cvdupdate domin wannan, Windows kuma na da WSUS ko babban fayil na tarayya a cikin ofis. Waɗanda ke rubuta umarnin wget domin jan dukan kundin kowace awa su sani cewa tun 2021 masu ClamAV suka fara toshe irin wannan saukewa, kamar yadda suke toshe tsofaffin nau'o'in manhajar da wa'adinsu ya ƙare.

Na biyar ya shafi matasan da ke hayar ƙaramar uwar garke a intanet domin ɗora shafinsu. ClamAV na loda alamominta duka cikin RAM. Lokacin da sabon kundi ya iso, takan riƙe tsohon tana aiki da shi har sabon ya gama shiga, don haka na ɗan lokaci buƙatarta takan kusan ninkawa. A kan na'ura mai ƙaramin RAM, Linux na iya kashe ta a daidai wannan lokacin. Sabuntawa ta yi nasara, amma maigadin ya faɗi. Akwai saitin ConcurrentDatabaseReload da ake kashewa domin kauce wa haka, da sharaɗin bincike zai ɗan tsaya yayin lodawa.

Hujjar masu cewa a kashe

Akwai masu kula da kwamfutoci, wasunsu ƙwararru, da ke cewa ba za su taɓa barin wani kamfani ya riƙa tura abu cikin uwar garkensu ba tare da sun gani ba. Ba maganar banza suke yi ba, suna da tarihi a hannu.

Ranar 21 ga Afrilu, 2010, kamfanin McAfee ya fitar da kundin alamomi mai lamba 5958. Kundin ya ɗauki svchost.exe, wani fayil da Windows ba ta iya aiki sai da shi, a matsayin ƙwayar cuta. Kwamfutoci masu Windows XP SP3 a kamfanoni, asibitoci da makarantu suka shiga kashe kansu suna kunnawa ba ƙaƙƙautawa, da yawa kuma sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka gyara.

Na baya-bayan nan ya fi girma. Ranar Juma'a 19 ga Yuli, 2024, da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya, kamfanin CrowdStrike ya tura wani ƙaramin fayil na dokokin gano hari zuwa manhajarsa ta Falcon. Fayil ɗin ya sa manhajar ta nemi bayani na 21 a inda 20 kawai aka tanada, kuma da yake tana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, sai dukan na'urar ta faɗi da shuɗin allo. Kamfanin ya janye fayil ɗin da ƙarfe 6:27, bayan minti 78. A cikin wannan ɗan lokaci, a ƙiyasin Microsoft, na'urori miliyan 8.5 sun kamu. Filayen jiragen sama, bankuna, asibitoci da gidajen talabijin suka tsaya. Kamfanin jiragen Delta na Amurka kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar. Babu mai kutse ko ɗaya a cikin lamarin. Manhajar tsaro ce ta yi ɓarnar, ta hanyar sabuntawar da ta shigo da kanta.

Wanda ya ga wannan ya ce shi dai da hannunsa zai riƙa yi, ana iya fahimtarsa. Amma ya duba abin da ya saya da abin da ya biya. Mummunar sabuntawa mai irin wannan girma takan zo ne jefi-jefi, har ana tuna ranarta da shekararta. Sababbin ƙwayoyin cuta kuwa kullum suke zuwa. Ya kauce wa haɗarin da ke zuwa sau ɗaya cikin shekaru, ya rungumi wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa kowace awa. Sannan danna maɓalli da hannu ba gwaji ba ne. Mai kula da ya zo da safe ya danna, bai buɗe kundin ya karanta ba, ba zai ma iya ba. Da lalataccen fayil ne a ranar, da hannunsa zai shigar da shi.

Darasin da ke cikin abin da ya faru a 2010 da 2024 shi ne kada sabon abu ya shiga dukan na'urori a lokaci guda. CrowdStrike da kansa ya amince da haka, ya yi alkawarin riƙa fitar da irin waɗannan fayiloli rukuni-rukuni, ya kuma bai wa abokan cinikinsa ikon zaɓar lokacin da za su karɓa, ikon da ba su da shi a ranar da abin ya faru. Defender ma na da saitin da ke sa wasu na'urori a sahun farko, sauran a sahun baya.

Ƙaramin ofis zai iya kwaikwayon wannan ba tare da kashe kuɗi ba. Na'urar da ba ta da muhimmanci sosai ta karɓi sabon kundi da farko. Idan ta yi awa biyu ko uku lafiya, sai uwar garken da ke riƙe da bayanan kuɗi ko na marasa lafiya ta karɓa. Inda uwayen garke biyu ke aiki iri ɗaya, kada a sa musu lokaci ɗaya. A ajiye kwafin kundin jiya domin a iya komawa gare shi. A kuma saita riga-kafin ya riƙa killace fayil ɗin da yake zargi maimakon gogewa, saboda abin da aka killace bisa kuskure ana iya dawo da shi. Jinkirin awa uku da aka tsara da gangan daban yake da jinkirin wata uku da mantuwa ta haifar.

Jadawalin da babu mai dubawa

Akwai kuskure na ƙarshe, kuma shi ne wanda masu son fasaha suka fi faɗawa. An saita komai, an ga ya yi aiki sau ɗaya, an juya baya. Sabuntawa ta atomatik takan mutu shiru. Faifan ajiya ya cika, ko an canza kalmar sirrin intanet ɗin ofis, ko lasisi ya ƙare, ko wani ya toshe hanya a katangar tsaro bai sani ba. Na'urar za ta rubuta kuskuren a fayil ɗin rahoto kowace awa, da aminci, tsawon watanni, a wurin da babu mai leƙawa.

Don haka tambayar da ta kamata a riƙa yi ita ce kwana nawa kundin ya yi. Tambayar ko jadawali na nan ba ta wadatar ba. Umarnin clamscan --version yana nuna lambar kundi da ranar da aka fitar da shi. A freshclam.conf akwai OnErrorExecute, inda ake rubuta abin da za a yi idan sabuntawa ta gaza. Ƙaramin rubutu na layi kaɗan ya isa ya sa uwar garke ta aika imel ko saƙon Telegram zuwa wayar mai kula da ita idan kundin ya haura kwana biyu. Wayar da ke hannu dare da rana ta fi kowane allo dacewa da wannan gargaɗi.

Akwai kuma hanyar gwada maigadin ba tare da kawo ɓarawo ba. Fayil ɗin gwaji na EICAR rubutu ne mai haruffa 68 da ba ya cutar da komai, amma kamfanonin riga-kafi sun amince su riƙa kama shi kamar cuta. Idan aka ɗora shi a shafin rajista ya wuce salin-alin, to binciken ba ya aiki, ko da kundin na yau ne.

Inda riga-kafi ya tsaya

Kada kuma a ɗora wa alamomi nauyin da ba nasu ba. Ranar 12 ga Mayu, 2017, cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila, asibitocin gwamnati sun soke ganawar marasa lafiya da likitoci kusan 19,000. Ramin da cutar ta bi, Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe shi tun 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin harin. Waɗanda suka kamu galibi waɗanda ba su girka gyaran ba ne. Sabunta alamomi na da jadawalinsa, gyaran babbar manhaja na da nasa, kwafin ajiyar bayanai a wani wuri daban shi ma na da nasa. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Ina ruwan mai waya?

Mai karatun da bai taɓa shiga ɗakin uwar garke ba yana iya ganin maganar ta yi masa nisa. Hoton fasfonsa, lambar NIN ɗinsa, sakamakon gwajin asibitinsa da takardun makarantarsa duk suna kwance a kan uwayen garken wasu. Fayil ɗin da ya sauke daga shafin makaranta ya buɗe a wayarsa ko a kwamfutar gida, ta hannun wani maigadi ya biyo. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a alhakin kare su, ta kuma wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan an samu kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Shugaban makaranta ko mai asibitin da bai san komai game da cron ba yana da ikon tambayar ma'aikacinsa abu ɗaya: yaushe rabon kundin riga-kafin nan da sabuntawa, kuma wa zai sani idan ya tsaya? Idan amsar ta fara da "ai ina yi duk lokacin da", akwai gyara.

Ga matashin da ke koyon wannan sana'a da kansa, daga bidiyon YouTube da tsohuwar kwamfuta, wannan na cikin ayyukan da suka fi saurin koyuwa. Girka ClamAV, saita freshclam, kashe na'urar da gangan a ga ko za ta rama abin da ya wuce ta, cire intanet a ga ko saƙon gargaɗi zai iso waya bayan ya dawo, duk aikin yamma ɗaya ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da fayilolin ofis suka wayi gari a kulle ana neman kuɗin fansa ba ranar koyon jadawali ba ce.

Ita ma wayar da ke aljihu tana da nata saitin. A cikin Play Store akwai wurin da ake ba manhajoji izinin sabunta kansu idan an hau Wi-Fi, akwai kuma Play Protect da ke binciken abin da aka girka. Wanda ke fatan a damƙa masa uwar garken mutane gobe, ya fara da kunna waɗannan biyun yau.